Tambayi Likitan Dabbobi: Sayen Farin Ɓera a Shago, Ceto Ne ko Ƙarfafa Zalunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu. Ina da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya wanda Allah ya ɗora masa son dabbobi tun yana ƙarami. Kwanakin baya mun shiga wani shago a nan cikin Jos inda ake sayar da tsuntsaye da zomaye da kifin ado, da nufin sayen abincin tantabarunsa, sai ya hango wani keji a ƙasan kanta cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu. Sun yi yawa har suna hawa kan juna, ruwan shansu ya ƙare, wasu ƙanana ne ƙwarai, kuma akwai ɗaya da ya takure a kusurwa yana atishawa, gefen idonsa da hancinsa sun yi ja. Na tambayi mai shagon daga ina suke, ya ce shi ma sarowa yake yi, ana turo masa su a kwali daga wurin wani mai kiwonsu da yawa, kuma bai taɓa zuwa wurin ba. Tun daga ranar yaron nan ya hana ni sakat, wai mu koma mu sayo marar lafiyan mu cece shi. Mahaifinsa ya ce ɓera ai ɓera ne, in dai kuɗin bai yi yawa ba a saya masa a huta. Ƙanwata kuwa, wadda ke karatu a jami'a, ta ce duk wanda ya saya ya taimaka wa masu azabtar da su. Ni dai na rasa tudun dafawa, domin ba na so in kashe wa yaro tausayin da ke zuciyarsa, kuma ba na so in sa hannu cikin abin da bai dace ba. Shin akwai laifi idan na saya?

Daga Maman Yara, Rikkos, Jos.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, na gode da wannan tambaya, Allah ya raya mana yaron nan ya bar masa taushin zuciyarsa. Shawarata a taƙaice ita ce kada ki saya daga wannan shagon, ko da da niyyar ceto ne. Ƙanwarki ta faɗi gaskiya a kan ainihin maganar, ko da yake ta ɗan tsaurara lafazi, domin wanda ya saya cikin rashin sani ba abokin zalunci ba ne. Amma tun da ke kin tambaya kuma kin ji amsar da mai shagon ya ba ki, kin fita daga sahun marasa sani, saboda haka ya kamata in bayyana miki dalilan dalla-dalla yadda ke ma za ki iya bayyana wa yaron da kuma maigida.

Da farko, wannan farin ɓeran da kuka gani dabbar gida ce da aka daɗe ana kiwo, kuma ya bambanta da ɓeran da ke ɓarna a rumbu ko a kicin. Asalinsa daga babban ɓera mai launin ƙasa ne, wanda Turawan Ingila suka fara zaɓen masu launi na daban daga cikinsa suna kiwo tun ƙarni na 19, har aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa don sha'awa a can a shekarar 1976. Fari mai jan ido da aka fi gani a ƙasar nan kuwa yawanci daga irin da ake kira Wistar yake, wanda aka fara kiwo a wata cibiyar bincike da ke Filadelfiya a Amurka a shekarar 1906. A Nijeriya an fi kiwonsa ne saboda binciken kimiyya, kamar yadda duk wanda ya san Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take nan tun 1924, ko ɗakunan gwaji na jami'o'inmu zai shaida. Saboda ɗalibai na buƙatarsa don aikin kammala karatu, sai 'yan kasuwa masu zaman kansu suka shiga kiwonsa da yawa a bayan gida ba tare da sa idon kowa ba, kuma daga irin waɗannan wuraren ne rarar kan gangaro zuwa shagunan dabbobin ado.

Maganar maigida cewa ɓera ɓera ne ita ce fahimtar yawancin mutanenmu, kuma ba abin mamaki ba ce ga wanda bai san ɓera ba sai a matsayin maɓarnaci. Sai dai wannan halitta tana jin zafi da ƙishirwa da tsoro kamar akuya ko kyanwa, tana gane mai kula da ita, kuma ba ta jure kaɗaici. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago sun nuna cewa idan aka kulle ɓera ɗaya a cikin ƙaramin bututu, abokin zamansa yakan yi ta ƙoƙari har ya koyi buɗe ƙofar ya fito da shi, kuma da yawansu sun yi haka ko da an ajiye musu abin kwaɗayi a gefe. Dabbar da take damuwa da halin da ɗan'uwanta ke ciki, babu shakka tana jin halin da ita kanta take ciki.

Yanzu bari mu je wurin da ke da mai shagon ba ku taɓa gani ba, domin can ne zuciyar maganar take. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na kwana 21 zuwa 23, ta haifi 'ya'ya shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci ma fiye da haka. Abin da ya sa kiwonta ya zama hanyar samun kuɗi cikin sauri shi ne tana iya sake ɗaukar ciki a cikin kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa. Mai kiwon da ke tausayin dabbarsa yakan cire namijin kafin haihuwa, ya bar uwar ta shayar, ta huta, jikinta ya dawo, kuma ba ya barin ta haihu fiye da 'yan lokuta kaɗan a rayuwarta. Mai kiwon sari kuwa, wanda ribarsa ta dogara ga yawan kawunan da ya fitar a wata, barin namijin yake yi tare da ita dindindin, ta yadda tana shayar da waɗannan tana ɗauke da cikin waɗancan, kusan duk wata sai ta haihu, har sai ta rame, gashinta ya zube, haihuwarta ta ragu, sannan a kawar da ita a sa wata a gurbinta. Dabbar da tsawon rayuwarta bai wuce shekara biyu zuwa uku ba, sai ta ƙare rabin wannan ɗan lokaci ba ta san komai ba sai ciki da goyo. A manyan wuraren kiwo na ƙasashen waje ana ajiye su ne a cikin gajerun robobi da ake jerawa hawa-hawa a kan kanta, an rufe samansu da ragar waya, babu wurin miƙewa tsaye sosai, babu wurin hawa ko ɓuya, kuma daga roba ɗaya ake fitar da wanda za a sayar wa yaro ya yi wasa da shi da wanda za a sayar a matsayin abincin macizan da wasu ke kiwo. Wannan uwar ce nake so ki riƙa tunawa duk lokacin da kika tuna kejin nan, domin ita ba a kawo ta shago, ba wanda zai gan ta ya ji tausayinta, kuma duk ciniki a kanta yake ƙarewa.

'Ya'yan ma ba su tsira ba. Ana haihuwarsu tsirara babu gashi, idanunsu a rufe, sai sun kai kimanin mako biyu suke buɗe ido, kuma mafi ƙarancin lokacin yaye shi ne mako uku, ko da yake masu kiwo na ƙwarai sukan bar su tare da uwa da 'yan'uwa har mako biyar ko shida domin su yi ƙwari su koyi zama da juna. Ƙananan da kika ce kin gani alama ce ta cewa an raba su da uwa da wuri, saboda ƙarami ya fi jan hankalin mai saye kuma bai ci abincin mai kiwo da yawa ba. A irin wannan kiwo ba a damu da wane ne ya haifi wane ba, uba kan yi barbara da 'yarsa, wa da ƙanwarsa, ba tare da an ware masu rauni ko masu ciwon gado ba, kuma babu hannun mutum da ke taɓa su a kwanakin da ya kamata su saba da mutane. Shi ya sa sau da yawa wanda aka sayo daga irin wannan wuri yakan zama mai firgita da cizo, sai yaron da ya sa rai zai samu abokin wasa ya ƙare da abin da yake tsoron taɓawa. Daga nan sai tafiya a cikin kwali, a bayan mota ko ƙarƙashin kujera, ga zafi ga rashin ruwa, alhali ɓera ba ya zufa kamar mutum, ta jelarsa yake rage zafin jikinsa, kuma zafi mai tsanani yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka iso shago su ne waɗanda suka jure, mai shago kuma ya riga ya saka asarar sauran a cikin farashi.

Jan da kika gani a ido da hancin wancan ɓeran ba jini ba ne. Wani ruwa ne mai launin ja da ke fitowa daga wata halitta da ke bayan idonsa, kuma yawansa alama ce ta ciwo ko matsanancin takura. Idan ya haɗu da atishawa da takurewa a kusurwa, abin da aka fi zato shi ne ciwon numfashi da ƙwayar cutar maikoplasma ke jawowa, wadda kusan duk ɓerayen kiwo na gida ke ɗauke da ita tun daga haihuwa, amma take tashi da ƙarfi idan an cunkusa su, zarnin fitsari ya taru a keji, ko an shimfiɗa musu garin katako mai ƙura. Ana iya kwantar da ciwon da magani, amma ba a cika raba su da shi gaba ɗaya ba, kuma yakan dawo. Wato wanda yaronki yake so ya ceta zai buƙaci likita da magani na tsawon lokaci, kuma mai yiwuwa ya mutu a hannunsa cikin 'yan makonni duk da haka.

To, ina laifin ceton wannan guda ɗayan? Niyyar mai kyau ce, amma kuɗi ba ya ɗaukar niyyar mai shi zuwa aljihun mai sayarwa. Mai ƙosai idan ƙosanta ya ƙare da wuri yau, gobe ƙara wake za ta yi, kuma ba za ta tsaya tambayar ko yunwa ce ta sa aka saya ko tausayinta aka ji ba. Haka mai shago, abin da zai gani kawai shi ne kaya sun tafi, sai ya buga waya a ƙaro masa, mai kiwo kuma ya ga kasuwa ta buɗe a Jos ya ƙara yawan uwaye. Gurbin da kika buɗe a kejin nan ba zai yi mako biyu ba wani ya cike shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan mai shago ya lura cewa marar lafiya da wanda ya galabaita ma suna samun mai saye saboda tausayi, to ya rasa dalilin da zai sa ya gyara kejin, tun da ƙazantar da cunkoson ba su rage masa ciniki ba, ƙara masa ma suka yi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kiwo yana da nasa alhakin, dillali da mai shago suna da nasu, amma mu masu saye mu ne muke sa sana'ar ta ci gaba da tafiya a yadda take.

Na san wannan amsa tana da ɗaci, kuma ba zan ɓoye miki ɗacinta ba: idan ba ki saya ba, wataƙila wannan ɓeran ya mutu a kejin nan. Shi ɗin rai ne, wahalarsa ta gaske ce, kuma lissafin kasuwa ba ya rage masa zafin numfashi. Akwai masu ganin cewa ran da ke gabanka ya fi cancantar taimako a kan rayukan da ba ka gani ba, kuma ba na raina wannan ra'ayi. Inda na rabu da su shi ne, akwai hanyar taimaka wa wanda ke gabanki ba tare da kin biya kuɗin haihuwar na bayansa ba. Ki koma wurin mai shagon, ke ko maigida, a yi masa magana cikin mutunci, a nuna masa cewa wannan ba shi da lafiya kuma zai shafa wa sauran, ya ware shi, ya sa musu ruwa, ya rage cunkoson, ya raba maza da mata. Idan ya yarda ya bayar da marar lafiyan kyauta tun da asara ce a gare shi, kuma kuna da halin kai shi wurin likita, wannan ceto ne na gaskiya domin bai samu riba a kansa ba. Idan ya ce sai an biya, a bar masa, amma a faɗa masa a fili dalilin da ya sa ba za a saya ba, domin ɗan kasuwa yana jin maganar abokin cinikin da ya juya ya tafi fiye da wa'azin wanda ya biya.

Ba na kuma so a ɗauki mai shagon a matsayin mugu. Yawancinsu masu neman halaliyarsu ne da iyali a wuyansu, sun san tantabara da kanari da zomo, amma ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake riƙon wannan dabba. Shagon da ke sayar da abinci da keji da magani zai ci gaba da samun cinikinki, abin da kike ƙi kawai shi ne rai da ba a san inda ya fito ba.

Akwai kuma batun lafiyar gidanki, wanda mu mutanen Jos bai kamata a tuna mana da shi sau biyu ba. Zazzaɓin Lassa an fara gano shi ne a shekarar 1969, lokacin da aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa da ke Jihar Borno a yau zuwa asibitin mishan na Jos, wanda muka fi sani da Jankwano, inda ta rasu, kuma a shekarar 1970 cutar ta ɓarke a garin nan har ta yi ajalin likita Jeanette Troup da ke kula da marasa lafiyan. Babban mai ɗauke da wannan cuta wani ɓeran daji ne mai yawan nonuwa, jinsinsa daban da na farin ɓeran kiwo, saboda haka ba ina cewa na shago yana ɗauke da Lassa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, wurin kiwon da buhunan abinci ke zube a ƙasa yana jawo ɓerayen waje, kuma ke ba ki da hanyar sanin abin da ya shiga ya fita a wurin da ko mai shago bai taɓa gani ba. Ɓeran kiwo da kansa yana iya ɗaukar cutar salmonela mai sa gudawa, da zazzaɓin da ake kamuwa da shi ta cizo ko yaƙushinsa, da cutar da ke bin fitsarinsa ta taɓa ƙoda da hanta. Yadda cinikin dabbobi ta hannun dillalai ke yaɗa cuta kuwa, Amurka ta gani a shekarar 2003, lokacin da aka shigar da gafiyoyi da wasu ƙananan dabbobi daga Ghana, aka ajiye su kusa da wasu dabbobin can masu kama da kurege a wurin wani dillali a Jihar Illinois, aka sayar da masu kama da kuregen a matsayin dabbobin gida, sai ga ƙyandar biri ta kama mutane fiye da 40 a jihohi shida, karo na farko da aka ga ɓarkewarta a wajen Afirka. Saboda irin waɗannan dalilai ne hukumomin lafiya ke ba da shawarar kada a ajiye dangin ɓera a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar, ko mai juna biyu, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Idan yaronki yana da ƙanne ƙanana, wannan kaɗai ya isa a dakata.

Ta fuskar addini, ni likitan dabbobi ne, fatawa ta malamai ce, kuma ina ba ki shawara ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi kafin komai. Ya zo a hadisi ingantacce cewa ɓera yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa, kuma bisa wannan malamai da yawa ba sa ganin dacewar kiwonsa ko cinikinsa don sha'awa kawai. Abin da babu saɓani a kansa shi ne duk wanda ya tsare dabba ya ɗauki haƙƙinta a wuyansa. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, mun kuma san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke lokacin da ya ga tana shawagi cikin damuwa. Ko dabbar da aka halatta kashewa ma ba a halatta azabtar da ita ba. Masu karatunmu Kirista su ma sun san cewa Littafin Karin Magana ya siffanta adali da mai kula da ran dabbarsa.

Doka kuwa ta yi nisa a baya, a nan da ma can. Jihar Kalifoniya ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen da aka saro daga masu kiwon kasuwa tun watan Janairun 2019, Ingila ta hana dillalai sayar da 'ya'yan karnuka da na kyanwoyi daga Afrilun 2020, Faransa ma ta hana sayar da kare da kyanwa a shago daga farkon 2024. Hujjarsu duka ɗaya ce, wato shiga tsakanin mai kiwo da mai saye shi ne ke ɓoye halin da uwa take ciki, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta haɗa da ɓera, duk da cewa hujjar ta hau kansa daidai. A nan gida dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta haramta azabtar da dabba da yin sakaci da ita da gangan, sai dai da wuya a ji an gurfanar da wani saboda keji. Saboda haka a yanzu idon mai saye shi ne kusan mai sa ido kaɗai da waɗannan dabbobi suke da shi.

Idan bayan duk wannan, da jin ta bakin malam, kun yanke shawarar za ku yi kiwon, ƙa'idar ita ce ba a cinikin biri a sama. Ki je da ƙafarki inda aka haife su, ki ga uwar, ki ga ko tana da ƙiba da sheƙin gashi ko ta rame, ki tambayi yaushe ta haihu kafin wannan, ki shaƙi iskar ɗakin ki ji ko zarni na hawa kai, ki saurara ko akwai masu atishawa, ki ga ko 'ya'yan suna zuwa hannu ko gudu suke yi. Wanda ya hana ki ganin uwa ya riga ya ba ki amsa. Kada kuma ki ɗauka cewa ƙaramin mai kiwo a gida lallai mai tsafta ne, domin ɓarkewar cutar Seoul, wani zazzaɓi da ake ɗauka daga ɓera, wadda ta kama mutane 17 a Amurka a farkon 2017 daga ƙananan masu kiwo a gida ta taso, ta yaɗu ta hanyar musayar ɓeraye tsakaninsu. Mafi alheri ma shi ne a karɓa daga wanda nasa suka haihu ba shiri yana neman mai riƙo. A ɗauki biyu masu jinsi ɗaya, kada a ɗauki ɗaya tilo, domin kaɗaici azaba ce gare su, har ƙasar Suwizalan ta hana ajiye dabbobi masu zaman garke irin su ɓeran Masar su kaɗai tun 2008. Yaron kuma a zaunar da shi a yi masa bayanin uwar nan da ba a gani, domin ɗan shekara goma sha ɗaya da ya iya lura da marar lafiya a kusurwar keji zai iya fahimtar wannan lissafi, kuma a tafi da shi ranar da za a yi wa mai shagon magana.

TAMBAYA

Likita barka da aiki. Na sayi fararen ɓeraye biyu a shago aka ce mini duka maza ne, sai ga ɗaya ta haifi tara. Wani mai shago ya ce zai riƙa saye a wurina idan zan riƙa kawo masa duk wata. Ni ɗalibi ne, kuɗin zai taimaka mini. Me ka gani?

Daga wani ɗalibi, Bukuru.

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Abin da ya same ka ya zama ruwan dare ga masu saye a shagon da ba a raba maza da mata, kuma sau da yawa macen da cikinta ake sayar da ita. Ka cire namijin yau ɗin nan, ka kuma sa ido a kan uwar na tsawon mako uku zuwa huɗu, domin mai yiwuwa ta riga ta sake ɗaukar ciki. Ka ƙara mata abinci mai gina jiki kamar dafaffen ƙwai, kada ruwa ya yanke mata, ka shimfiɗa mata yagaggiyar takarda maimakon garin katako, ka kuma kare su daga sanyin Jos da dare. Da zarar 'ya'yan sun kai mako biyar ka raba maza da mata, domin daga wannan lokaci matan suna iya ɗaukar ciki, kuma a lokacin namiji ba ya ɓoyuwa ga wanda ya duba ƙarƙashin jela.

Game da tayin mai shago, ka lura da sharaɗinsa na duk wata, domin ba za ka iya cika shi da uwa ɗaya ko biyu ba sai ka hana su hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma wannan shi ne ainihin kiwon da na siffanta a amsar da ke sama. Na fahimci matsin da ɗalibi ke ciki, amma ba zan ba ka shawarar shiga wannan ciniki ba. Waɗannan taran ka nema musu masu riƙo da kanka, biyu-biyu ko uku-uku masu jinsi ɗaya, ka ga kejin da za a sa su kafin ka miƙa, kuma kada ka saki ko ɗaya a bola ko a daji, domin farin ɓera bai san neman abinci ko ɓuya ba, kyanwa ko shaho zai ɗauke shi. Idan kana sha'awar kiwo a matsayin sana'a, Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da ke Vom tana kusa da kai, ka je ka nemi shawarar malamanta a kan kiwon zomo ko kaji bisa ƙa'ida, waɗanda kasuwarsu a Filato ta fi ta ɓera faɗi nesa ba kusa ba.